Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Zauren Majalisa: Tarihin Matakan Hukuma Kan Cin Zarafin Mata a Ƙasar Daura



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne irin matakan da hukuma ta ɗauka, jiya da yau, don kare mata da 'yan mata daga cin zarafi. In na ce cin zarafi ina nufin duka, da fyaɗe, da auren dole, da korar mace daga ɗakinta ba bisa ƙa'ida ba, da sace ta ko sayar da ita. Ni malamin Hausa ne, ban karanci aikin lauya ba, saboda haka zan bi al'amarin ta hanyar da na saba, watau ta tarihi da al'ada da harshe. Na kuma zaɓi in tsaya a ƙasar Daura, domin ita ce ƙasar da tarihinta ya fara da sarautar mata. In akwai inda ya kamata a tambayi yadda aka riƙe amanar 'ya mace, to nan ne.

Maganar da nake so in kafa guda ɗaya ce. Tun daga shekarar 1901 zuwa yau an sha yin dokoki a kan wannan matsala, amma kowace doka takan bar wata kafa a buɗe, kuma ta wannan kafar ce cutar ke ci gaba da shigowa. Don haka in za mu auna ƙoƙarin hukuma, sai mu duba kafar da aka bari, mu kuma duba ko yarinyar ƙauye tana iya kaiwa ga haƙƙinta.

Darasin Kusugu

Kowa a nan ya san labarin. An ce sarauniyoyi ne suka mulki Daura tun daga Tsohon Birni har zuwa kan Magajiya Daurama. A zamaninta akwai wani maciji mai suna Sarki a cikin rijiyar Kusugu, wanda ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wani baƙo, Bayajidda, ya iso da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta gaya masa halin da gari ke ciki. Ya tafi rijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya kashe macijin, ya yanke kansa ya adana. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shakkar ko abin ya auku kamar yadda ake ba da shi. Wannan muhawara ba ta dame mu a yau ba, domin ko da labari bai zama tarihi tsantsa ba, yana nuna yadda al'umma ke kallon kanta.

Abubuwa uku nake so mu lura da su. Na farko, hukumar garin ta san da macijin, amma maimakon ta kawar da shi sai aka tsara rayuwa yadda za a zauna da shi, har ɗiban ruwa ranar Juma'a kaɗai ya zama al'ada. Na biyu, wahalar ta fi faɗawa kan masu ɗaukar tulu, watau mata da yara, kuma daga bakin tsohuwa ne maganar ta fita, ba daga fada ba. Na uku, da gari ya waye mutane da dama suka fito kowa yana cewa shi ya kashe macijin, ba a gane mai gaskiya ba sai da aka ce a kawo kan.

Akwai kuma wani gefe na labarin da ba mu cika tsayawa a kansa ba. Bayajidda ya bar matarsa Magira, 'yar Mai na Barno, da tsohon ciki a Garun Gabas ya yi gaba. A Daura kuma an ba shi Bagwariya a matsayin ƙwarƙwara, ita ce ta haifi Karɓagari. Ke nan labarin da muke alfahari da shi yana ɗauke da mata biyu da ba a ji ta bakinsu ba. Daga kan Bawo kuma mulki ya koma hannun maza, ko da yake sarautar Magajiya ta wanzu, kuma M. G. Smith, a littafinsa na tarihin sarautar Daura da ya fito a 1978, ya nuna cewa Magajiya da Iya suna cikin manyan masu sarauta na ƙasar kafin jihadi.

Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa kare mace daga cuta baƙon abu ne da aka kawo mana daga Turai. Al'adar Hausa ta tanadi yaji, inda matar da aka cuta za ta koma gidan iyayenta, miji kuma ba shi da hanyar mayar da ita sai ya yi biko, ya ji faɗan manya. Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ta ba mace damar neman a raba aure saboda cutarwa, har ma ta yarda a kafa hujjar cutarwar da abin da ya bazu a bakin maƙwabta, domin an san ba a gayyatar shaidu in za a doki mace a cikin ɗaki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar aikinsu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilmi ga matan ƙauyuka.

To, amma duk wannan kariya ta tsaya ne a kan 'ya mai 'yanci, mai dangi a kusa. Baiwa ba ta da gidan da za ta yi yaji zuwa gare shi. Ita ma 'yar gida, in uba ya yi amfani da ikonsa na ijbari ya aurar da ita ga wanda ba ta so, da wuya ta sami mai sauraronta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara ke kama mata a kai su kasuwa, da yadda ita kanta aka yi mata auren fari da wanda ba shi ne zaɓinta ba.

Dokar Bauta ta 1901

Matakin farko na hukumar zamani shi ne sanarwar da Gwamna Lugga ya yi a 1901. Ta haramta harin kama bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne mai 'yanci. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 wannan doka ta game ƙasar Hausa, har da Daura, inda Turawa suka mayar da sarauta gidan Haɓe ta hannun Malam Musa a 1906. An buɗe gidajen renon 'yantattun bayi, kamar na Zungeru, inda aka tara mata da yara da aka ƙwato daga hannun fatake.

Kafar da aka bari ita ce sa-ɗaka. Turawa suna bukatar goyon bayan sarakuna da attajirai, saboda haka suka ɗauki ajiye ƙwarƙwara a matsayin wani nau'in aure, suka bar shi a hannun kotunan alƙalai. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a binciken da suka buga a 1993, sun nuna cewa da yawa daga cikin matan da aka rubuta a littafin kotu cewa an fanshe su, maza ne suka biya kuɗin fansar don su aure su ko su sa su a ɗaka. A takarda an 'yanta ta, a zahiri kuwa ubangida kawai ta sake. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne ya duba maƙwabtanmu na Nijar, inda a watan Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta sami gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana 'yar shekara 12, alhali ƙasar ta haramta bauta a dokarta tun 2003.

Pinal Kod da Sashe na 55

Mataki na biyu ya zo gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka yi kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda jama'a ke kira Pinal Kod, aka fara aiki da shi a 1960. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Kundin ya yi abin kirki, domin sashe na 282 ya fayyace fyaɗe a matsayin babban laifi, ya kuma ce amincewar ƙaramar yarinya ba amincewa ba ce.

Amma sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa, in dai al'adar da suke bi ta yarda da haka, kuma horon bai kai ga mummunan rauni ba. In aka duba sashe na 241 sai a ga abin da ake nufi da mummunan rauni: makantar da ido, kurmantar da kunne, karya ƙashi ko haƙori, ɓata fuska, ko ciwon da zai hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ma'ana, matar da aka doka ta kwanta kwana goma sha tara ta tashi, doka ba ta ga abin hukuntawa ba. Wannan shi ne zama da maciji irin na mutanen Daura na da: an bar cutar, an yanka mata iyaka. Wannan sashe ya zauna a littafin dokokin Arewa fiye da rabin ƙarni.

Ba abin mamaki ba ne, domin ba a tambayi mata ba lokacin da ake rubuta shi. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda ta yi ta fafutukar neman wannan 'yanci tana sukar auren ƙananan yara, duka da ɗauri ta sha a hannun hukuma sau da dama.

Daga 1982 Zuwa 2003

A shekarun 1980 mata suka fara haɗa kai da kansu. An kafa ƙungiyar WIN a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985. A wannan shekarar ce Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 kan kawar da nuna wa mata bambanci. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ƙasa ta girgiza da labarin wata yarinya 'yar shekara 12 a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda mijinta ya sare wa ƙafafu saboda ta yi ta gudu daga auren da ba ta so, har ta rasu. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da harkokin mata a 1989, ta ɗaga ta zuwa ma'aikata a 1995.

A nan gida, asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya zama wurin gyaran matan da suka kamu da yoyon fitsari, ta hannun likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya fara wannan aiki a tsakiyar shekarun 1980. Yawancin masu wannan lalura doguwar naƙuda ce ta jawo musu, da yawansu kuwa 'yan mata ne da suka ɗauki ciki jikinsu bai ƙosa ba, kuma sau da yawa saki ke biyo bayan cutar. Aikin asibitin abin yabo ne, sai dai magani ne bayan ɓarna ta auku.

A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta sa shekara 18 a matsayin shekarar aure, aka kuma kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Aikin wannan hukuma ya shafi ƙasar Daura kai tsaye, domin hanyar da ta bi ta Kongolam zuwa Damagaram da Agadas tana cikin hanyoyin da ake bi da 'yan mata zuwa Libiya. Kafar da aka bari a nan ita ce tsarin mulkin tarayya: dokar yara ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita, jihohin Arewa da yawa kuwa suka yi ta jan ƙafa saboda saɓani kan shekarun aure.

Dokar 2015 da Isowarta Katsina

A ranar 25 ga Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Ita ce doka mafi faɗi da aka taɓa yi a wannan fanni. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ba kuma za a yanke masa ƙasa da shekara 12 ba; in taron dangi aka yi, ba ƙasa da shekara 20 ba. Ta mayar da dukan mata ko miji laifi mai ɗaurin da zai kai shekara 3 ko tarar naira 200,000, ta haramta kaciyar mata, da korar abokin zama daga gida da ƙarfi, da yin watsi da iyali ba ci ba sha. Ta ba kotu ikon ba da umurnin kariya, ta kuma ce a buɗe rajistar masu laifin fyaɗe, wadda aka ƙaddamar a watan Nuwamba 2019. Amma ita ma a Abuja kaɗai ta fara aiki.

Abin da ya zaburar da jihohi shi ne shekarar 2020, lokacin kullen annobar korona, sa'ad da labaran fyaɗe da kisan 'yan mata suka cika ƙasa. A watan Yuni gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya kuma nuna ɓacin ransa kan lamarin a jawabinsa na 12 ga Yuni. A Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar kare yara a ƙarshen 2020, sannan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu a kan dokar VAPP ta jiha a watan Disamba 2023. Ke nan dokar ta yi shekara takwas a hanya tsakanin Abuja da Katsina. A cikin waɗannan shekaru kuma wata sabuwar masifa ta kunno kai, watau 'yan bindiga da ke sace mata suna keta haddinsu a yankunan Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara da Faskari, har ta kai ga an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a watan Oktoba 2023.

Kafar da Ta Rage

Yanzu doka ta iso, saura aiki da ita. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko ji musu ciwo, kashi 9 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma kashi 55 na waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi damuna, kuma a nan ne harshe ya shigo. In aka cuci yarinya, kalmar farko da ake ji a gida ita ce rufin asiri. In an doki matar aure sai a ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, a ba ta haƙuri a mayar da ita. In ta dage sai a ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da waɗannan kalmomi muke mayar da kunyar kan wadda aka zalunta.

Wata shekara ina tattara waƙoƙin daka a wani ƙauye na ƙasar Daura, wata tsohuwa ta ba ni labarin jikarta da wani magidanci ya lalata. Ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota da na takardar likita. Aka ɗaga shari'ar sau huɗu, kowane zuwa da kuɗinsa. A karo na biyar ba ta da abin sayarwa, dangin mutumin suka turo dattawa, aka ce a bar wa Allah. Babu wanda ya hana ta shiga kotu, amma nisa da tsada da jinkiri sun yi abin da macijin Kusugu ya yi.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Tambayar da ta kamata kowane ma'aikaci ya yi ita ce, yarinyar da ke ƙauyen bakin iyaka a Baure, in abu ya same ta da daren Talata, wa za ta fara gaya wa, tafiyar awa nawa za ta yi kafin ta ga likita, nawa za ta kashe, kuma wata nawa za ta jira hukunci? Amsar tana bukatar kuɗi a cikin kasafi, da jami'ai mata a ofisoshin 'yan sanda, da duba lafiya kyauta cikin gaggawa, da fassara dokar zuwa Hausa da boko da ajami, da jawo masu unguwanni da dagatai da limamai su san cewa sasanta laifin fyaɗe ba ya cikin ikonsu.

Kammalawa

Mun ga yadda dokar 1901 ta bar sa-ɗaka, kundin 1960 ya bar sashe na 55, dokokin 2003 da 2015 suka tsaya a Abuja suna jiran jihohi. A kowane zamani an sami masu fitowa su ce sun kashe macijin. Mutanen Daura na da ba su karɓi baki ba, sai da aka ajiye kan a gabansu. Ya kamata mu ma mu riƙa tambayar hukuma a kowace shekara: ƙara nawa aka kawo, nawa suka kai kotu, nawa aka yanke wa hukunci, yara nawa suka koma makaranta?

Ku ma'aikata, takardar da ke kwana a kan teburinku wata biyu, rayuwar 'yar wani ce. Ku ɗalibai, cikinku ne za a sami alƙalai da likitoci da hakimai na gobe, kuma dukanku za ku zama iyaye. Rijiyar Kusugu tana nan a cikin garin Daura, kowa ya je yana iya ɗiban ruwanta kowace rana ta mako. Allah ya nuna mana ranar da adalci zai zama haka ga matanmu da 'ya'yanmu.